Custoza: ƙauyen da ya fi shahara da inabi fiye da yaƙin da aka yi a cikinsa

Ni ba na shan giya, kuma ban je Custoza don na ɗanɗana komai ba. Abin da ya kai ni wurin shi ne sha'awar noma, da kuma tambayar da ta daɗe tana damuna tun lokacin da na fara ganin sunan ƙauyen a jikin kwalaben giya a shagunan birnin Verona na ƙasar Italiya: ta yaya ƙaramin wuri irin wannan, wanda ko gari mai cin gashin kansa bai kai ba, domin yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Sommacampagna ne, ya zama suna da doka ke karewa, har babu wanda ya isa ya rubuta shi a kan hajarsa sai ya bi wasu sharuɗɗa?

Custoza yana kudu maso gabashin Tabkin Garda, wanda shi ne tabki mafi girma a Italiya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 370, kuma yankuna uku ne suka kewaye shi: Veneto, Lombardiya da Trentino. Daga arewa tabkin siriri ne, a matse tsakanin manyan duwatsu, amma idan aka gangaro kudu sai ya buɗe ya yi faɗi, ƙasar da ke kewaye da shi kuma ta koma ƙananan tuddai masu hawa da sauka a hankali. Waɗannan tuddan ba duwatsu ba ne na asali. Dubban shekaru da suka wuce manyan curin ƙanƙara sun gangaro daga tsaunukan Alps, suka haƙa ramin da ya zama tabkin, suka turo tsakuwa da yashi da laka a gabansu, sannan da suka narke suka bar tarin a nan. Shi ya sa idan mutum ya sunkuya ya ɗebi ƙasar gonar inabi a Custoza, hannunsa zai cika da duwatsu masu sulɓi kamar na bakin kogi, gauraye da farar ƙasa. Ruwa ba ya kwanciya a irin wannan wuri, kuma kurangar inabi tana son haka, domin jijiyoyinta ba sa jure jiƙa.

Tabkin kansa yana da nasa aikin. Ruwa mai yawa haka yana riƙe ɗumin bazara ya sake shi a hankali lokacin sanyi, don haka ake samun itatuwan zaitun a nan, a wuri mai nisa sosai zuwa arewa idan aka kwatanta da inda aka saba ganinsu, har ma akwai tsoffin gidajen renon lemun tsami a gabar yamma. Akwai iska biyu da mutanen wurin suka sani da suna: Peler, wadda ke busowa daga arewa da safe, da Ora, wadda ke tasowa daga kudu bayan rana ta take. Masu wasan kwale-kwale suna murna da su, manoma ma haka, saboda iskar da ke ratsa gona tana busar da ganye, ta rage cutar ruɓa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa farar giyar Custoza ba daga irin inabi ɗaya ake yinta ba. A wasu yankunan da ke maƙwabtaka da su kusan iri ɗaya ake dogara da shi: a Lugana, kudu da tabkin, ana amfani da wanda ake kira Turbiana, a Soave kuma, gabas da Verona, Garganega ne sarki. Mutanen Custoza sun ɗauki wata hanya daban, ta haɗa iri-iri. Akwai Garganega, wanda ke ba da kauri kuma yana jinkirin nuna. Akwai Trebbiano Toscano, mai yawan 'ya'ya da ɗan tsami. Akwai Trebbianello, wanda duk da kamar sunansa ba ɗan'uwan Trebbiano ba ne, wani reshe ne na irin da a da ake kira Tocai Friulano. Sai Bianca Fernanda, wanda reshe ne na inabin Cortese da aka fi sani a yankin Piemonte, kuma ƙamshi ake nema daga gare shi. Ƙa'idar yankin ta tanadi cewa a haɗa aƙalla uku daga cikin waɗannan huɗun, kuma kada ɗaya ya rinjayi sauran.

Masu talla suna bayyana wannan haɗin a matsayin gwaninta ta ɗanɗano, kuma ba na musun haka, amma duk wanda ya tashi a gidan manoma zai hango wani dalilin a ƙarƙashi. Tunda irin huɗun ba sa nuna a lokaci ɗaya, ruwan sama mai ƙarfi ko ƙanƙarar da ta sauka a mako guda ba za ta same su duka a mataki ɗaya ba, kuma aikin tsinka yana bazuwa a cikin makonni maimakon ya taru a kan ma'aikata a kwana kaɗan. Idan shekara ta yi zafi har wani iri ya rasa tsaminsa, wani irin zai cike gurbin. Na tuna yadda mahaifina ba ya taɓa shuka gero shi kaɗai ba tare da dawa da wake a tsakani ba, kuma bai taɓa kiran hakan fasaha ba.

Wannan ɗan tsamin da ake yabawa, wanda ke sa a ce giyar tana da kaifi da sanyi a baki, aiki ne na lissafin lokaci. Yayin da inabi ke nuna, zaƙinsa yana ƙaruwa tsaminsa yana raguwa, don haka dole manomi ya tsinke shi kafin tsamin ya tafi. Bayan an matse, yawanci ana tsima ruwan a cikin manyan tankokin ƙarfe masu sanyi, ba a gangar katako ba, kuma mafi yawansa ba a ajiye shi shekaru, ana sayar da shi yana sabo. Ɗumamar yanayi tana dagula wannan lissafi, domin inabi yana saurin nuna fiye da yadda aka saba. A farin da aka yi a 2022 zuwa farkon 2023 ruwan Garda ya ja baya sosai, har mutane suna taka ƙafa zuwa tsibirin San Biagio.

Batun suna kuwa, Italiya ta kafa tsarin da ake kira DOC a 1963, wanda ke ɗaure sunan wuri da iyakar ƙasa, irin shuka, yawan amfanin da aka yarda a ɗiba a kowace hekta da yadda za a sarrafa shi. Custoza ta shiga wannan tsarin a 1971 da sunan Bianco di Custoza, kuma iyakarta ta haɗa ƙananan hukumomi tara, cikinsu har da Sommacampagna, Villafranca, Valeggio sul Mincio, Peschiera da Lazise. A kan wasu daga cikin tuddan nan ne kuma ake noman inabin da ake yin jar giyar Bardolino da shi. Turawa ba sa wasa da wannan al'amari: tun daga 2007 aka hana manoman Italiya rubuta kalmar Tocai a kan kwalabensu, saboda Tarayyar Turai ta bar wa yankin Tokaj na ƙasar Hungary sunan.

Sai dai kafin inabi, da yaƙi aka san Custoza. Tuddan suna tsakiyar garuruwa huɗu masu ganuwa da daular Ostiriya ta dogara da su wajen riƙe arewacin Italiya, wato Peschiera, Mantova, Verona da Legnago. A watan Yulin 1848 sojojin Radetzky, babban kwamandan Ostiriya, sun fatattaki rundunar Sarki Carlo Alberto na Piemonte a nan, sannan a ranar 24 ga Yunin 1866 Italiya ta sake shan kashi a wuri ɗaya. Duk da haka yankin Veneto, inda Custoza take, ya shiga hannunta a wannan shekarar, ba don ta yi nasara a fagen daga ba, sai don ƙawarta Prusiya ta karya Ostiriya a wani fagen. Solferino, inda wahalar sojojin da suka jikkata a yaƙin 1859, wadda Henry Dunant ɗan ƙasar Suwizalan ya gani, ta kai ga kafa ƙungiyar Red Cross, tana ƙetaren kogin Mincio, ba nisa.

A kan tudu mafi fice a ƙauyen akwai doguwar hasumiya da aka buɗe a 1879, inda aka tara ƙasusuwan sojojin da suka mutu a yaƙoƙin biyu, na Italiya da na Ostiriya a ɗaki ɗaya. Na hau can da yamma a ƙarshen watan Satumba. A ƙasa, cikin ginin, ƙoƙunan kai ne jere a kan katako. Daga sama kuwa layukan kuranga ne ta kowace fuska, an riga an tsinke wasu, wasu kuma ana jiran su ƙara nuna, kuma wata ƙaramar tarakta tana jan tirela cike da inabi zuwa wurin matsa.