Motar Gen4 da lissafin batir

A kakar 2026/27 ne gasar Formula E, ta tseren motocin lantarki, za ta fito da sabuwar motarta, Gen4. Tun da aka nuna ta a watan Nuwamban 2025, zancen da ake ta yi bai wuce ƙarfinta ba: kilowat 600, wajen doki 800 ke nan a lissafin masu inji, kuma tayoyi huɗun duk suna ja tun daga farkon tsere har ƙarshensa. Ni da yake sana'ata haɗa sola ce a nan Katsina, ban daɗe a kan wannan adadin ba. Batir na fara nema, na tarar kilowat-awa 55 ne.

Batirin litiyam da muka fi sa wa magidanta mai kilowat-awa 5 ne, to sha ɗaya irinsa ke nan a jere. A cikin tsere motar za ta riƙa aiki da kilowat 450. Ɗauki biro ka raba. In direba ya danne totur bai ɗaga ƙafa ba, minti bakwai da 'yan kai batirin zai mutu, alhali tseren yakan kai wajen minti 45. Ragowar tafiyar daga ina? Daga birki, da kuma haƙurin direba. Duk sanda ya rage gudu zai shiga kwana, injin da ke tura motar sai ya koma janareta, ya riƙa mayar da wuta cikin batir. Gen4 tana iya mayar da har kilowat 700 ta wannan hanya. Motar da ta gabace ta, Gen3, ko birki irin wanda muka sani ba ta amfani da shi a tayoyin baya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na wutar da take ci a tsere daga nan yake fitowa.

Wannan lissafin ne ya sa nake kallon gasar, domin in gudu zalla nake so, Formula 1 ta fi ta.

Kawuna tsohon bakanike ne, ya tsufa a cikin baƙin mai da filogi. Ya taɓa samu na a shago ina kallon tseren a waya, ya leƙo ya ce, "Kai yaro, mi kake kallo haka shiru kamar gidan makoki?" Na ce, "Kawu, tseren mota ne." Ya kasa kunne, ba ya jin komai sai wani siririn fito. Ya ce motar da ba salansa ba hayaƙi ai kayan wasan yara ce. Sai na ba shi labarin farkon gasar, wadda aka buɗe a Beijin ranar 13 ga Satumban 2014. Batirin lokacin kilowat-awa 28 ne kawai, ba ya kai mota ƙarshen tsere. Saboda haka kowane direba motoci biyu ake ajiye masa. In an yi rabi sai ya shigo gareji, ya diro da gudu, ya faɗa ta biyun, a ɗaure shi ya fita. Kaka huɗu aka yi ana haka, sai a 2018 aka samu batirin da ke kai wa ƙarshe. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ashe folo suke yi da mota." Bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya taso a garin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo ya san ɗan folo ba ya gama wasa da doki ɗaya, kuma ba a ganin gazawarsa don ya sauya.

Tseren da na fi tunawa shi ne na Balensiya a Sifen, cikin Afrilun 2021. Ruwa ya sauka, motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in an yi haɗari, ta yi ta shigowa, kuma dokar lokacin ta ce duk minti ɗaya da aka yi a bayanta sai a zaftare wa kowa wani abu daga wutar da aka yarje masa. Lissafi ya kwance a zagayen ƙarshe. Manyan direbobi suka koma tafiyar hawainiya, wasu suka tsaya cak a kan hanya, wasu aka soke sakamakonsu saboda sun ci fiye da rabonsu. Mota tara kaɗai aka lissafa sun gama, Nyck de Vries ya yi nasara. Duniya ta yi musu dariya, kuma sun cancanta. Amma ni a ranar na ƙara yarda cewa iyakar da ake magana a kanta ta gaske ce. Adadin da ake nunawa a gefen allo, kashi nawa ya rage wa kowane direba, ba ado ba ne.

Sai dai tattalin ya taɓa wuce gona da iri. Da Gen3 ta zo, direbobi suka gane cewa wanda ke gaba shi ke fasa iska, na bayansa kuma ya laɓe yana adana wuta. Sai kowa ya ƙi shiga gaba. A Fotland ta Amurka a 2023 an ƙirga wucewa sama da 400 a tsere ɗaya, masu gasar suna ta alfahari da adadin. Ni bai burge ni ba. Wucewar da wanda aka wuce yake murna da ita ba wucewa ba ce. Ana tafe a cunkushe ana kallon-kallo, sai saura zagaye kaɗan kowa ya saki. Abin da nake so in gani a Gen4 shi ne ko ƙarin batir da sabon tsarin fukafukanta za su rage wannan noƙe-noƙen ba tare da an kashe lissafin gaba ɗaya ba. In aka wayi gari direba zai iya dannawa daga farko har ƙarshe bai damu ba, to gasar ta zama ƙaramar Formula 1 marar ƙara, Kawu ya ci gardama.

Akwai kuma Pit Boost, wanda aka fara a Jidda a Fabrairun 2025. Mota ta shigo, a jona mata caja mai kilowat 600 na daƙiƙa 30, ta samu ƙarin kashi 10 cikin 100 na batirin Gen3, wato kilowat-awa 3.85. Duk wanda ya taɓa dafa batir yana caji ya san abin da ke biyo bayan tura wuta da yawa cikin ɗan lokaci: zafi. A nan, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, shi ne lokacin da wayata ba ta hutawa. Alhaji ya sa batir da inbata a sito marar taga, ƙarƙashin kwano, sannan ya kira yana cewa kaya ba su da kyau. Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kayan lafiyarsu ƙalau, iska suke nema." Saboda haka in ana nuna garejin waɗannan motoci, bututun sanyaya da makanikai ke cusawa nake bi da ido. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 baburan lantarki sun fara shigo mana, kuma zafi da cajin gaggawa su ne za su nuna ko za su daɗe a hannun 'yan acaɓa. Da ni ke koyarwa a Jami'ar Sufuri ta Daura, da na sa ɗalibai kallon wannan ɓangaren.

Abin da ke damuna da sabuwar motar shi ne girmanta da gudunta. An kafa gasar ne a kan a kawo tsere tsakiyar birane, a kan titin da mutane ke bi kullum. Yanzu kuwa a hankali ana komawa filayen tsere na dindindin, irin na Shanghai da na Jarama kusa da Madrid. Motar da ta kai kilowat 600 ba kowane lungu za ta shiga ba. Afirka ma an bar ta a baya. Marakesh ta karɓi gasar sau da dama tun daga 2016, Kef Tawun ta karɓa sau ɗaya a Fabrairun 2023, inda António Félix da Costa ya ci, daga nan har kakar 2025/26 ba a sake leƙo mu ba. Mu a Katsina ko a gidan kallon ƙwallo ba mai juya maka tasha saboda ita, sai dai ka sayi data ka bi taƙaitawa a YouTube.

Kamfanoni sun sha shigowa suna fita. Audi da BMW sun tafi a 2021, Mercedes ta bi su a 2022 bayan ta ci kofi biyu a jere, McLaren ta fice a 2025. Porsche da Jaguar da Nissan sun sa hannu za su yi zamanin Gen4. Taya ma za ta sauya, Bridgestone za ta karɓa daga Hankook, wanda ke nufin duk abin da injiniyoyi suka tara na sanin tsohuwar tayar za su sake shi daga tushe.

Wa zai ci? Oliver Rowland na Nissan, zakaran 2025, ya iya zama a baya ya jira lokacinsa, kuma irin direban da nake so ke nan. Amma sabuwar mota takan hargitsa layi. A kakar farko ta Gen3, Jake Dennis ya ci kofin direbobi da ƙungiyar Andretti, wadda sayen inji take daga Porsche, ita kuma Envision ta ci na ƙungiyoyi da injin da ta saya daga Jaguar. Masu saye suka doke masu ƙerawa da kayansu. Na ci wa ƙanena alwashin haka za ta sake faruwa, shi ya tsaya a kan Porsche, mun ajiye kilishi a tsakani.