Kifin katako a Lahti

Ni mutumin Yauri ne, a bakin Kwara aka haife ni. Tun ina yaro na san cewa kifi ba ya cin ƙugiya sai an sa masa koto, ko tana, ko hanjin kaza, ko ɗan ƙaramin kifi. Shi ya sa ranar da na fara ganin dattawa takwas a zaune suna sassaƙa kifin katako wai don su kama na gaske, sai da na danne dariya.

A watan Nuwamba na iso Lahti da ke ƙasar Finlan, na biyo matata da ta samu aikin jinya. Sanyin an riga an ba ni labarinsa, na kuma sayi riguna. Duhun ne babu wanda ya gaya mini. A Disamba sai bayan tara na safe rana ke leƙowa, wajen ƙarfe uku ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a jere kamar ana kora su. Ga mutanen ba su da magana. Maƙwabcina ya yi wata biyu yana gaishe ni da kai kawai. Na ɗauka ƙina yake yi, ashe haka yake gaida kowa.

Malamar da ke koya mana Finlanci ce ta ce in nemi wani aji na yamma a makarantar manya ta gari, inda ake koyar da ɗinki da sassaƙa da sauransu a kuɗi kaɗan. Da ta ji ni ɗan bakin kogi ne, ta tura ni ajin masu yin vaappu. Sunan kifin ƙaryar ke nan a wurinsu.

Wanda aka zaunar da ni kusa da shi ya kai sa'ar mahaifina. Ya faɗa mini sunansa, ya ce da shi zan riƙa kiransa. Bakina ya kasa. Na ce masa a garinmu Baba ake cewa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya miƙo mini wuƙa da guntun katako.

Katakon ma da labarinsa. Iri biyu suka fi amfani da su: balsa mai sauƙi kamar ɓargon kara, da wani fari da suke kira abachi, wanda suke yin bencin sauna, ɗakin wankan zafinsu, da shi saboda ba ya ƙona jiki. Da na duba sai na ga ai obeche ne, na dazukan kudancin Najeriya da Gana. Ya riga ni zuwa, har ya zama ɗan gari.

Aikin na masu haƙuri ne. A raba katakon biyu, a kwantar da waya a tsakiya mai zobba uku, na hanci don zare, na ciki da na wutsiya don ƙugiyoyi. A sa ɗan dalma a tumbi, a manne, a fere, a goge. Sai a lulluɓe shi da takardar gwangwani mai sheƙi, a tsoma a banish sau da yawa, kowanne sai ya bushe. Amma ran abin yana ga ɗan leɓen roba da ake dasawa ƙarƙashin haɓa. Shi ne ke sa shi nutsewa yana karkaɗa jiki. Nawa na farko da aka ja shi a kwamin gwaji, juyawa ya yi ta yi kamar farfela. Baba ya ɗauki filaya ya lanƙwasa zoben hancin kaɗan, abin da ido ma ba ya gani, sai ga shi yana iyo.

Shi ya ba ni labarin Lauri Rapala, talakan masunci da ya sassaƙa nasa na farko a 1936 a tafkin Päijänne, arewa da mu kaɗan. Ya lura manyan kifaye marar lafiyan da ke tangaɗi suke fara kai wa hari, sai ya kwaikwayi tangaɗin. Wannan kam Sarkawanmu sun daɗe da sani. Giwan ruwa ma haka take.

A nan kamun ƙugiya da tana kyauta ne ga kowa, amma mai jefa kifin katako sai ya biya kuɗin izini. Na biya. A watan Yuni, lokacin da sha ɗayan dare ke yi gari da haske, Baba ya ɗauke ni a kwalekwalensa a tafkin Vesijärvi. Mun yi awa uku, maganarmu ba ta wuce goma ba, kuma a karon farko shirun bai dame ni ba. Can zarena ya yi nauyi. Wani kifi ne da suke kira hauki, mai dogon baki da haƙora kamar zarto, ya bar sawunsu a jikin fentin.

Baba ya juya kifin katakon a tafin hannunsa, ya shafa inda haƙoran suka karce. Ya ce kada in gyara wurin.