TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Cikin Ummi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya a inda aka yaye 'yata Ummi, to yau daga nan zan ɗora.

Kamar yadda aka saba Hajiya, mahaifiyar mijina, ita ce ta ɗauke ta yaye, ta tafi da ita gidanta can unguwar Jakara a Kano. Kun san dai Jakara da gurasa, ga shi Ummi takwararta ce, ba abin da za ta miƙa wa hannu a hana ta. Da safe shayi da burodi, da rana bandashe ko taliya da manja, da yamma 'yan gidan su siyo mata fanke da biskit. Da ta dawo hannuna nima haka na ci gaba, dan abin da take so kenan kuma shi ya fi sauƙi a wajena.

Sai zawo ya fara. Ba irin zawon da muka sani ba na kwana biyu ya wuce, wannan kashi ne mai yawa, fari-fari, da maiƙo a samansa, warinsa kuwa ko an wanke fo sai ya zauna a ɗakin. Ya tsaya ya dawo, ya tsaya ya dawo. Cikinta ya kumbura kamar ganga amma ƙafafun sun sirance, mazaunanta duk sun yamushe, yarinyar da a da kowa ya shigo gidan sai ya ɗauke ta yanzu ba ta da aiki sai kuka da maƙale min a zani. In na kai ta awo nauyin yana nan inda yake, wani watan ma ƙasa yake yi.

Kowa da abin da yake faɗa. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce shawara ce a jiƙa mata saiwa, maƙociyata ta ce kambun baka ne tunda yarinyar ta cika shiga ido. Mun ba da maganin tsutsa, mun ba da ruwan gishiri da suga, an gwada maleriya an gwada taifot, an duba kashi, Abban Ummi har ya daina tambayar kuɗin magani sai dai ya miƙo kawai. Abin da ya fi ƙona min rai wata ma'aikaciya ce a wani ƙaramin asibiti, ta kalle ni a gaban mata ta ce “Maman Ummi anya kina ba yarinyar nan abinci kuwa, wannan ai tamowa ce.” Wlh a adaidaita na dinga kuka har gida. Yarinyar da ba ta rasa komai ba.

Ana cikin haka Ummata ta kwanta rashin lafiya na koma gida jinya na 'yan makonni. Gidanmu ba a harkar fulawa, koko ne da ƙosai, tuwon dawa, fura, kunun gyaɗa, sai shinkafa da wake. Ina can hankalina na kan Umma, ƙanwata ce ta fara cewa “Yaya kin lura cikin Ummi ya saɓe?” Na duba, haka ne, har wasa take a tsakar gida. Muna komawa gida aka dawo shayi da burodi, ba a jima ba komai ya dawo sabo.

Da wannan labarin na je wajen likitar yara a asibitin Malam Aminu Kano bayan an tura mu can, kuma Allah Ya saka mata da alheri ta zauna ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce akwai wani sinadari a cikin alkama da sha'ir ana ce masa gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fulawa danƙo. Wasu mutanen in suka ci, garkuwar jikinsu sai ta juya ta afka wa ƙaramin hanji, 'yan tsiron da suke tsotse amfanin abinci a bangon hanjin su kwanta, shi ya sa yaro yana ci amma ba ya shiga jikinsa, har jini ya dinga ƙaranci. Sunan ciwon siliyak. Ta ce a duniya kusan mutum 1 cikin 100 yana da shi, kuma yana bin dangi, in aka tabbatar to har mu iyayen da yayanta sai an gwada. Amma ta ja min kunne kar na yanke hukunci, zai iya zama ƙwayar cuta ce a hanji, ko madara ce ba ta karɓe ta ba, ko kuma alkamar ce take damunta ba tare da ta lalata hanjin ba.

Ni har na fara lissafin yau ɗin nan zan kwashe taliya da fulawar gidan na bayar, sai ta ce a'a. Kar na daina ba ta. Wai gwajin jinin abin da jiki yake fitarwa in an ci alkama yake nema, in na janye tun yanzu sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, kuma in ta kama sai an zira 'yar kyamara ta baki an ɗebo ɗan abu daga hanjin, shi ma sai tana ci. Tunda ta yi makonni ba ta ci ba a gidanmu, a ƙara ba ta lokaci tukuna.

'Yan uwa mata ku kwatanta. Ki yanka burodi da hannunki ki tsoma a shayi ki kai bakin 'yarki, zuciyarki na gaya miki shi ne yake cinye ta, da daddare kuma ke za ki tashi wanke fo. Kaɗan nake ba ta daidai yadda likita ta ce, amma kullum sai na juya baya na share hawaye.

Ga kuma Hajiya. Ranar da Abban Ummi ya yi mata bayani cewa in ya tabbata ba magani sai ƙauracewa alkama har abada, ba gurasa ba alkaki ba funkaso, ɗan wake da waina ma sai an tambaya ko an sa fulawa, ko niƙa sai a injin da ba a zuba alkama ba, sai ta kalle ni ta ce “Mu da gurasar nan muka raini mijinki, yau ita ce guba?” Na sunkuyar da kai na ce “Hajiya ku yi haƙuri, ba a tabbatar ba tukuna, gwaji za a yi.” Ba ta ƙara magana ba, ta ja takwararta ta ɗora a cinya tana shafa ƙafafun nan, ta daɗe tana kallonsu.

An ɗebi jinin ranar wata Talata, aka ce mu jira. Abin da takardar ta ƙunsa, da rigimar da ta tashi ranar sunan ƙanwar Abban Ummi a kan cincin guda ɗaya, sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu.