Kifin Tiga Ba Ya Sammako Da Hunturu

Asabar uku a jere ina dawowa daga madatsar ruwa ta Tiga da buhu wayam. A ta ukun, da na jingine babur a zaure, uwargida ko leƙa buhun ba ta yi ba, sai cewa ta yi, "Malam, sannu da shan iska. Na riga na kaɗa miyar kuka." Ban tanka ba. Leɓena ya tsage saboda ɗari, kuma dama ba ni da bakin magana.

Ni ba masunci ba ne, kada masu sana'ar su ji ina baki su yi mini dariya. Malamin firamare ne ni, gidanmu manoma ne, ba mu gaji su ba. Fatsa kawai nake yi a ƙarshen mako, abin da na saba tun muna yara muna kama 'yan karfasa a bakin babbar hanyar ruwan da ke gangarawa wajen Kadawa. Da bazara da damina ba na jin kunya: in na fita bayan sallar asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi na sami abin miya. Wannan sabon ne ya cuce ni. Da hunturu ya kama, sai na ci gaba da sammakona, ina kaɗa haƙora a kan babur cikin hazo, ina zuwa gaɓar da na saba, ina jefa ƙugiya ina jawowa da sauri kamar watan Afrilu.

Ana cikin haka ɗan yayata ya zo hutu daga makarantarsu a Wudil. Yaron nan ba ya rabuwa da waya. Da daddare muna jin ɗumi a tsakar gida, sai ya matso ya ce, "Kawu, zo ka ga masu irin haukanka a Amurka." Wani Bature ne cikin ƙaramin jirgi, ya naɗe kai da wuya, numfashinsa na hayaƙi, ga ƙanƙara a gefen tafki. Kifin da yake nema sunansa bas, mai ƙaton baki, launinsa kore-kore da zane baƙi a gefe. Ba mu da shi a ruwanmu. In ka dube shi a tsaye za ka ce ƙanin giwan ruwa ne, kuma halinsu na farauta ɗaya, ƙananan kifi suke ci. Amma a girma ba a haɗa su. Wanda aka daɗe ana ji da shi a tarihin bas an kama shi ne a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo goma da 'yan kai, alhali giwan ruwa yana wuce kilo 100.

Ba kifin ne ya riƙe ni ba, hannun mutumin ne. Ya jefa wani kifin roba mai ƙugiyoyi, ya ɗan fizga sau biyu, sai ya tsaya cik. Na ɗauka hoton ne ya maƙale. Yaron ya ce, "A'a Kawu, ƙirge yake yi." Ya ƙirga har goma sha biyar kafin ya sake motsa sandar. Ana cikin tsayuwar nan, ba cikin jan ba, zaren ya miƙe.

Bayanin da yake yi, wanda yaron ya riƙa juya mini, ba baƙo ba ne, don ni ma ina koya wa 'yan aji shida wani abu daga ciki. Jikin kifi ba ya riƙe ɗuminsa kamar namu, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. In ruwa ya yi sanyi, komai nasa ya yi sanyi: narkar da abinci ta ja baya, yunwa ta ragu, gudu ya zama asara. Ba zai bi abin da ke tsere ba, sai wanda ya zo ya tsaya masa a gaban baki. A can ƙasashen, saman tafki kan daskare, ƙasan kuma ya tsaya a wajen digiri 4, domin a nan ruwa ya fi nauyi, shi ya sa yake kwantawa a ƙasa. Mu Allah bai jarrabe mu da wannan ba. Amma kifinmu ɗan zafi ne, abin da bas zai ɗauka ɗumi ne, karfasa tuni ta daina cin abinci sosai.

Abin kunya, na san karatun, ban taɓa kai shi bakin ruwa ba.

Yaron ya riga ya sayo irin kifin robar nan guda ɗaya a Kano, da kuɗin da ya kamata ya yi kuɗin mota da su. Don haka Asabar ta huɗu muka tafi tare, na ari ma'aunin zafi na makaranta na sa a aljihu. Kuma saboda ba a barin hali a rana ɗaya, sai da na tashe shi da asuba.

Mun isa gari bai gama wayewa ba. Hazo ya rufe ruwan, ba ka ganin ɗaya gaɓar, sai duwatsu sun yi baƙi-baƙi kamar shanu a kwance. Jiragen masunta duk suna ɗaure. A gindin wani dutse akwai dattijon da na daɗe ina gaisarwa ban taɓa zama wurinsa ba, ya hura wuta da karan dawa, yana ɗinkin birgi, wato komar da ake wurgawa, ƙafafunsa duk faso.

"Baba, ina kwana. Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne, Malam. Yau ma ka zo tashin kifi daga barci?"

Ashe duk makonnin nan yana kallona. Na tsuguna na miƙa hannu ga wuta, na ce, "Baba, kifin nan ya ƙaura ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Ya ƙaura ya je ina? Kai da ka fito, ina ka baro iyalinka? Ba suna cikin bargo ba? To shi ma yana cikin nasa. Zauna ka sha koko, sai rana ta taɓa dutse."

Na tsoma ma'aunin a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya nuna digiri 17. Nan ne fa nake tsayawa mako uku ina jifa. Ruwa marar zurfi shi iskar dare ke fara sanyayawa, mai zurfi kuwa ba ya saurin canzawa, shi ne bargon da Baba ke nufi.

Zaman nan da muka yi har walaha ya fi mini kamun. Baba ya girmi madatsar. Yana saurayi aka fara aikin datse kogin Kano a 1971, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974, ruwa ya taso ya ci gonaki da garuruwa, mutane suka tashi. Shi ya sa shi ba saman ruwan yake gani ba, ƙasan yake gani. Ya nuna da leɓe ya ce can tsohuwar hanyar rafi ce, zurfinta gaba shida, can kuma kututturan itatuwa ne har yanzu a tsaye, suna cin komar kalli, suna cin ƙugiyoyin mamari. Ya ce da hunturu kifi yana taruwa wuri ɗaya a irin waɗannan gefen ramukan, sai ka wuni taki ashirin daga gare su ba ka san suna nan ba. Ɗan yayata ya zunguro ni, ya raɗa mini, "Kawu, wallahi abin da Baturen ya ce ke nan." Baba ya ji. Ya ce, "Shi Baturen a wurin wa ya koya?"

Da yaron ya fito da kifin robarsa, Baba ya juya shi a tafin hannu, ya girgiza shi kusa da kunne don akwai 'yan duwatsu a ciki masu ƙara, ya ce, "Wannan ai abin wasan jikata ne." Amma ya yarda mu gwada.

Bayan azahar iska ta kwanta, hazo ya ɗan yaye, ya ɗauke mu a jirginsa. Ba mu yi nisa ba. Ya tsayar da mu a gefen wani falalen dutse da ya gangara cikin ruwa, wanda rana ta wuni tana duka, ya saki wani dutse ɗaure da igiya don kada mu motsa. Na sake tsoma ma'auni, 21. Wannan 'yar tazarar ita ce tsakanin buhu wayam da miya.

Ni ya ba ni 'yar karfasa mai rai, ba ta fi yatsu biyu ba. Ya soka ƙugiya ta bayanta, ƙasa da ƙayar baya kaɗan, yadda ba za ta mutu ba, ya matse dalma kamu ɗaya sama da ita. Ya ce in sake har dalma ta taɓa ƙasa, in ɗago zira'i guda, shi ke nan. Na ce, "Sai me, Baba?" Ya ce, "Sai ka manta kana da hannu."

Wallahi ban taɓa sanin rashin yin komai yana da wuya haka ba. Yatsuna sun ƙage, zaren yana kwance a kan ɗan manunina, kuma kowane minti zuciyata na ce mini ɗago ka duba, ko ta mutu, ko ta zare. Sau biyu na fara ɗagowa, Baba ya buga filafili a gefen jirgi ba tare da ya dube ni ba. A ɗaya gefen yaron yana jifa yana ƙirge a fili, ɗaya, biyu, uku, amma bai taɓa wuce bakwai ba, ƙuruciya ba ta barinsa.

Cin da na saba da shi da bazara fizga ce, wani lokaci har sanda ta nemi kuɓuce maka. Wannan ba haka ya zo ba. Da farko na ji 'yar karfasar ta firgita, zaren yana rawa ƙasa-ƙasa. Sai rawar ta ɗauke. Sai wani nauyi ya sauka a hankali, kamar tsumma ya maƙale a ƙugiya. Da ni kaɗai ne da na ce ciyawa ce. Baba ya ce a hankali, "Bar shi ya juya ta." Zaren ya fara tafiya gefe, sannu sannu, yana yanka ruwa. "Yanzu!"

Na ɗaga, sandar ta lanƙwashe. Duk sanyin jikin nan da ake faɗa, da ya ji ƙarfe sai ya manta da shi: ya nutsa wajen kututture, na riƙe, ya taso sama ya buɗe baki yana girgiza kai, idanunsa na ƙyalli kamar na kyanwa da dare. Giwan ruwa ne. Baba ya hana yaron sa hannu a kumatunsa, don murfin wurin yana da kaifi kamar aska, ya kamo shi da kansa ta leɓen ƙasa ya jefo cikin jirgi. A wajen giwan ruwa wannan jariri ne, bai kai tsawon hannuna ba, mai sikeli a kasuwa ya ce kilo uku ba kaɗan. Ni dai sai da na zauna, gwiwoyina na rawa.

Ba zan yi ƙarya in ce daga nan muka cika jirgi ba. Har la'asar sakaliya ragon ruwa ɗaya muka ƙara, shi ma Baba ne ya kama. Kifin roba kuwa, sau ɗaya wani abu ya biyo shi har kusa da jirgi ya juya. Jifa na gaba yaron ya daure ya ƙirga har goma sha biyar, abin ya yi ƙasa, ya sami kututturen da Baba ya gargaɗe mu a kai, ya zauna daram. Muka ja ta nan, muka ja ta can, zaren ya tsinke. Baba ya ce ya yi haƙuri, itacen nan ya ci kayan mutanen da suka fi shi.

Na so in raba kifin da Baba, ya ƙi, ya ce in kawo masa man kaɗe don ƙafarsa in zan dawo, kuma kada ya ƙara ganina kafin azahar.

Mun shigo gida ana kiran magariba. Na ajiye buhun a bakin murhu ban ce komai ba. Uwargida ta ɗaga, ta ji nauyi, ta leƙa, ta dube ni, ta dubi yaron, ta ce, "Nawa kuka saya?" Yaron ya rantse har sau uku. Washegari ni na biya masa kuɗin motar komawa Wudil.