Fayil ɗin da ya ƙi wuce gigabayit biyu

An damƙa mini kula da wata tsohuwar kwamfuta mai bit 32 da ke aiki da Linux. Kowane dare wata ƙaramar manhaja takan tattara bayanan cikinta ta zuba a fayil guda don ajiya. Ranar da na leƙa ma'ajiyar gabana ya faɗi: fayilolin kwanaki da dama duk girmansu ɗaya, bayit 2,147,483,647, wato kusan gigabayit biyu, ba ƙari ba ragi. Bayanai kullum ƙaruwa suke, ashe gutsure muke ajiyewa ba mu sani ba.

Da farko na zaci faifan ne ya cika, amma umarnin df ya nuna akwai sarari birjik. Na gwada ulimit -f, mai nuna iyakar girman fayil da aka yanka wa mai amfani, shi ma babu ƙaidi. Sai na zargi tsarin fayil, wato yadda ake tsara bayanai a kan faifai, alhali tsarin ext2 mai gungun kilobayit 4 yana ɗaukar fayil har terabayit 2, kuma Linux 2.4, wanda ya fito a 2001, ya riga ya iya manyan fayiloli.

Lambar nan ta girman fayilolin ce ta tona asirin. Ita ce adadi mafi girma da bit 32 za su riƙe idan an ware bit ɗaya don nuna ko lambar ta gaza sifili. Manhajar ajiyar tana ƙirga inda ta kai a cikin fayil da irin wannan lamba, da ta kai ƙarshe sai ta tsaya cak. Allah ya taimake ni rubutunta na asali yana nan, a harshen C. Na sake haɗa ta da -D_FILE_OFFSET_BITS=64, saitin da ke sa a ƙirga wuri a cikin fayil da bit 64, ina ganin an gama. Ina! Wanda ya rubuta ta ya yi amfani da fseek da ftell, masu kai manhaja wani wuri a cikin fayil da faɗin inda take, su kuwa suna ajiye wurin a cikin nau'in lamba na long, wanda a wannan na'ura bit 32 ne. Sai da na bi layi-layi na maye gurbinsu da fseeko da ftello, na mai da ma'ajin lambar off_t, nau'in da saitin nan ke faɗaɗawa zuwa bit 64. Wannan ya ci mini yini guda, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake, don mutane da yawa suna tsayawa a matakin farko su ɗauka sun warke.

Daren nan fayil ya haura gigabayit biyar lafiya. Da na zo kwafe shi zuwa faifan waje sai ya maƙale a bayit 4,294,967,295. Wannan karon ban ɓata lokaci ba, na gane iyakar FAT32 ce, tsarin fayil na faifan wajen, kuma ba saitin da ke ɗaga ta. Tunda wasu na'urori na karanta faifan, ban taɓa tsarinsa ba. Na yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa da umarnin split, na gwada sake haɗe shi da umarnin cat, na tabbatar da umarnin md5sum cewa ya dawo daidai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne manhajar ta daɗe tana gazawa ba wanda ya ji. Na ƙara mata layi mai duba ko rubutun ya kammala, ya aiko mini saƙo in bai kammala ba, kuma duk wata nakan ɗauko ajiya ɗaya in buɗe ta a wata kwamfutar.