Zomayena da ƙudajen damina: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyon kiwon zomo, barkanmu da damina. Tunda ruwa ya zauna a Kaduna, babu abin da ya fi cin hankalina kamar koren ƙudan nan mai ƙyalli, wanda kuke gani a mahauta da kan bola. Ga inda aikina ya kai a kansa.

Shi wannan ƙuda ƙwai yake nema ya ajiye, kuma wuri mai danshi da wari yake so. Idan ya samu zomo mai jiƙaƙƙen gindi, ko mai kashi manne a gashi, ko mai ɗan rauni, sai ya zuba ƙwai a nan. Da zafi irin namu, kafin kwana guda sun ƙyanƙyashe, tsutsotsin su fara cin fata su shiga nama. Zomon da ka bari lafiya lau jiya da yamma yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi kuma zomo bai iya nuna ciwo ba, sai dai ka gan shi ya lafe a lungun keji ya ƙi abinci.

Na fara da keji. Na kai wa wani kafinta a Panteka ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa, ya sa wayar raga a ƙasan yadda kashi da fitsari za su zube, muka bar ɗan katako a gefe don su huta da tafin ƙafa. Gefe-gefen kuma na zagaye da ragar sauro irin ta taga. Ƙarƙashin keji ina sharewa kullum, in barbaɗa toka. Ɗaga kejin yana da wani amfani: akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Masu karnuka sun san shi sarai. Zomon da ke kwana a ƙasa yana cikin wannan haɗari.

Amma a ganina raga taimako ce kawai. Babban aikin yana wajen abinci, kuma nan nake so mu daɗe.

Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busassun ƙwallayen nan da muke sharewa, akwai kuma wani mai laushi, mai ƙyalli, a cure kamar 'ya'yan inabi ƙanana, wanda yake lanƙwasawa ya cinye tun daga gindinsa, galibi da dare ko da asuba. Haka Allah Ya halicce shi, abinci ne a gare shi. Idan ka fara ganin wannan mai laushin a keji ko ya dame a gashin ƙarƙashin bindi, to akwai magana. Ko dai dusa ta yi yawa, ko ɗanyen ganye ya yi yawa a lokaci guda, ko zomon ya yi ƙiba har ba ya iya kaiwa can, ko haƙora ko tsufa sun hana shi. Da damina kowa na murnar ciyawa ta samu kyauta, a yanko ta da raɓa a jibga musu. Ni yanzu harawa da busasshiyar ciyawa ne ba sa yankewa a gabansu, dare da rana. Ganyen dankali da sauran ɗanyen ganye sai sun sha iska a inuwa sun yi yaushi, kuma kaɗan-kaɗan. Dusa na rage ta sosai. Babbar zomanyata, wadda gindinta ya fi saurin ɓaci, ita ce ta fara nuna canji: gashin wajen ya koma fari, a bushe.

Sannan dubawa da hannu, safe da yamma. Kallo daga nesa ba ya wadatarwa. Nakan ɗauko kowanne in tallafe ƙirjinsa da gindinsa, ban taɓa ɗagawa da kunne ba, in buɗa gashin ƙarƙashin bindi da tsakanin cinyoyi da yatsa. Ƙwan ƙuda farare ne ko ruwan madara, 'yan mitsi-mitsi, a manne cikin gashi. Ina kuma duba ƙasan haɓa, musamman na matan masu tattarar fata a wuya, don ruwan sha yana jiƙa wajen. Gashin da ya cure da kashi nakan rage shi da almakashi a hankali, domin fatar zomo ba ta da kauri ko kaɗan. In goge da tsumma mai ɗan ɗumi, in tabbatar ya bushe kafin in mayar.

Idan har ka ga tsutsa, don Allah kada ka tsaya jiran gobe. Cire waɗanda ke sama da hantsaki, ka lulluɓe zomon, ka nufi likitan dabbobi a lokacin, saboda wasu sun riga sun shige ciki, kuma yana buƙatar maganin zafi da allura. Kada a tsoma shi cikin ruwa. Kada a zuba masa kananzir ko baƙin mai ko fiya-fiya, yadda wasu ke yi wa raunin dabba; zai lashe, kuma guba ce. Haka ma maganin ƙuma na karnuka irin Frontline, yana kashe zomo. Waɗanda ke kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da ya rage mini shi ne kwatar da ke bayan kejin, wadda ruwa ke kwanciya a cikinta duk lokacin da aka yi marka. Na yi magana da maƙwabcina mu haɗu mu gyara ta a ƙarshen mako, kafin ruwan Agusta ya kankama. Wanda kuma ya san inda ake samun harawa mai kyau da sauƙin kuɗi a wannan lokaci, wajen Kawo ko Rigasa, ya taimaka ya sanar da ni, don tawa ta kusa ƙarewa.