Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kujerar Dama da Maganar Kwantiragi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na yi alkawarin labarin ɗaurin auren Yaya da rosta, wato jadawalin aikinmu, ta hana ni halarta, to ku yi haƙuri sai wani karon, don shekaranjiya ɗan Kawu ya sake jefa min maganar nan tasu wai ku matuƙa jirgi ai kuɗi kuke shara, kuma tun daga lokacin raina bai kwanta ba.

Bari in fara da abin da dangi suka ƙi ganewa har yau. A kamfanin da na fara aiki albashin wata ɗan kaɗan ne, sauran duk kuɗin awa ne, awar kuma ba ta fara ƙirguwa sai an saki birki jirgi ya motsa, ta tsaya da zarar ya tsaya inda zai sauke fasinja. Zuwan da ka yi tun kafin asuba ka duba rahoton yanayi, ka lissafa mai, ka zagaya jirgi kana leƙen taya da inji, zaman da ka yi a kujera ana jiran hazo ya washe ko injiniya ya gama gyara, duk wannan sadaka ka yi wa kamfani. Sai ka wuni cikin yunifom a rubuta maka awa huɗu.

Ranar da aka kira ni in sa hannu, su za su biya kuɗin horon tuƙa jirgin Boeing 737, ni kuma in ɗaure kaina da su na wasu shekaru, in na tafi ko da wata ɗaya ya rage sai na biya kuɗin gaba ɗaya ba ragi. Manajan ya ce da baki, da zarar na cika awa 1,500 na karɓi babban lasisi za a duba maganar komawa daga kujerar dama ta mataimaki zuwa kujerar hagu ta kyaftin, a ƙara albashi. Na ce ranka ya daɗe a saka wannan a takarda mana. Ya ɗago ya dube ni ya ce yaro, akwai masu lasisi a bakin get suna jiran kujerar nan, in ba ka so ka ajiye biro.

Baba, Allah ya ji ƙansa, yana da wata magana da yake yawan yi, ya ce alkawarin da ba a rubuta ba na mai ƙarfi ne. Ita ce ta sa na buɗe baki a ofishin nan, kuma ko yau ina alfahari da na tambaya, don cikin waɗanda aka ɗauke mu tare babu wanda ya ɗaga kai. Amma bashin makarantar tuƙi yana wuyan gidanmu, Hajiya ta sayar da abin da ta sayar, kun san labarin. Na sa hannu.

Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗa a cikinsu, tashi da sauka ne kawai, simileta, wato na'urar gwajin tuƙi, duk wata shida, likita duk shekara, kowanne kana shiga gabanka na faɗuwa don rana ɗaya likita ya ce zuciyarka ko idonka da matsala shikenan sana'a ta tsaya. Awa 1,500 ta cika ta wuce, babu wanda ya tuna da wata magana. Akwai masu lasisi a bakin get. Wallahi har a shekarar korona, 2020, da aka zabge mana albashi ta saƙon waya ba tare da an zauna da kowa ba, muryar manajan nan na ji a kunnena.

Yaya ya sha ce min to ka bar su mana ka koma wani kamfani. Yaya bai san cewa a wannan aiki wanda ya riga ka kwana shi zai riga ka tashi ba, lambar shigarka kamfani ita ke raba hutu, ita ke raba hanyoyi, ita ke kai ka kyaftin, kana sauya wuri ka koma ƙasan layi ko da furfura a kanka. Kamfanoni sun san da haka sarai, shi ya sa suke magana da ƙarfi.

To a haka abokan aiki suka tura ni cikin kwamitin da zai zauna da shugabanni. Wasu sun zaci ƙarin kuɗi za mu fara nema, a'a, barci muka fara nema. Doka ta ce kada matuƙi ya wuce awa 100 a sama cikin kwana 28, wannan iyaka ce, su kuma suka mayar da ita abin da dole kowa ya kai. A sauke ka da tsakar dare a fara ƙirga hutunka tun kana filin jirgi kana jiran mota, washegari a canza maka rosta ta waya. Na karanto musu abin da ya faru kusa da Buffalo a Amurka a Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu, mataimakiyar matuƙin albashinta na shekara wajen dala 16,000 ne, kuma daga Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, ta kwana tana tafiya a jirgi kafin ta kama aiki. Hatsarin nan shi ya girgiza su har suka kawo dokar sai mataimakin matuƙi ma ya cika awa 1,500 a 2013, sannan a 2014 suka wajabta hutun awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 a ciki. Sai da aka binne mutane.

Mun nemi a riƙa fitar da rosta da wuri, a riƙa rage kuɗin ɗauri daidai da shekarun da mutum ya yi, a yi mana inshora idan likita ya karɓe lasisi. Manajan nan dai shi ne a kan tebur, ya ce Kyaftin, (lokacin na zama kyaftin, ba kuma shi ya ba ni ba) duk mun ji, za mu duba, ku yarda da mu kawai. Da na ga a Maris 2023 matuƙan kamfanin Delta na Amurka sun amince da kwantiragin ƙarin kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu, ba kuɗin ne ya tsaya min a rai ba, ƙungiyarsu ALPA tun 1931 take, duk abin da suka samu a rubuce yake layi bayan layi. Mu a ranar zamanmu ko sakataren da zai ɗauki bayanin zama ba a kawo ba.

Na zaro takarda daga jakata na rubuta abubuwan da ya ce za su duba da ranar da za a dawo, na tura masa gabansa tare da biro, na ce ranka ya daɗe mahaifina ya hore ni da rubutu. Bai sa hannu ba. Ya tashi ya fita, kafin magariba an cire sunana daga jiragen satin gaba ɗaya, ka ga babu awa babu kuɗi ke nan, ga uwargida da tsohon ciki. Abin da sauran matuƙa suka yi da suka ga rostar, da wanda ya zame jikinsa cikinmu ya je ya kai rahoto, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.